Sabon Shafin Gwamnati da Wahalar Nemo Shi

A ranar da gwamnati za ta ƙaddamar da sabon shafinta na intanet, akan gayyaci manyan baƙi, a yi jawabai, a haska hoton shafin a babban allo. Tambayar da ba a cika yi a wurin ba ita ce, ta wace hanya talaka zai iso wannan shafi? Mutane ƙalilan ne suke haddace adireshin wata ma'aikata. Abin da aka saba yi shi ne a buɗe injin bincike, kamar Google, a rubuta buƙata da kalmomin da suka zo baki, sannan a latsa ɗaya daga cikin amsoshin farko. Saboda haka, shafin da bai bayyana a cikin waɗannan amsoshi ba tamkar rumfa ce da aka kafa a bayan gari, ga kaya jibge amma babu mai wucewa.

Ya kamata a fahimci yadda injin bincike yake aiki. Yana aika wasu manhajoji su riƙa bin mahaɗai daga wannan shafi zuwa wancan, suna karanta rubutu suna adanawa. Idan aka yi tambaya, sai ya jero amsoshi bisa la'akari da abubuwa da dama, ciki har da dacewar kalmomin shafi da na mai tambaya, da kuma yawan amintattun shafukan da suke nuni gare shi. Wato ke nan, tsohon shafi, komai muninsa, ya riga ya tara mutunci na shekaru, shi kuwa sabon adireshi baƙo ne. Duk ma'aikatar da ta rufe tsohon shafinta ba tare da ta haɗa shi da sabon ba ta zubar da wannan mutunci da hannunta.

Ƙasar Birtaniya ta fuskanci wannan al'amari. A shekarar 2010 Martha Lane Fox ta ba gwamnati shawarar tattara hidimominta a adireshi guda, aka kafa sashen kula da wannan aiki a 2011, sannan a watan Oktoba na 2012 aka buɗe GOV.UK, wanda ya maye gurbin Directgov da Business Link. Aikin da ya fi cancantar yabo a nan ba shi ne wanda ido yake gani ba. Ma'aikatan sun bi tsofaffin adireshi, suna haɗa kowanne da takwaransa a sabon shafi, ta yadda wanda ya latsa tsohon mahaɗi a wata jarida zai tsinci kansa a inda ya dace. Haka kuma an umarci masu rubuta bayanai su yi amfani da kalmomin da jama'a suke nema da su, su bar yaren ofis. Wannan umarni na biyu ya fi wuya, domin ma'aikaci ya saba kiran abu da sunan da doka ta ba shi, mai buƙata kuwa sunan da ya sani kawai zai rubuta.

Akwai masu ganin cewa bai dace hukuma ta riƙa gyara zancenta don faranta wa injin wani kamfani mai zaman kansa ba. Wannan ra'ayi yana da ƙamshin gaskiya, sai dai ya manta da wanda zai cutu. Gurbin da gwamnati ta bari a saman jerin amsoshi ba ya zama fanko. A Birtaniya ɗin ma an sha fama da shafukan kwaikwayo waɗanda suke sayen talla a saman amsoshi, suna karɓar ƙarin kuɗi a kan fasfo ko lasisin tuƙi. A Nijeriya kuwa, hukumomi sun sha fitar da sanarwar nesanta kansu daga shafukan bogi na ɗaukar ma'aikata. Matashin da ya biya kuɗin fom a irin wannan shafi bai yi sakaci ba, abin da aka fara nuna masa ya latsa. An ware wa hukumomin gwamnati adireshi mai ƙarewa da .gov.ng, amma alamar ba za ta amfani wanda bai ga shafin ba.

Ga mai karatu da Hausa, matsalar ta ninku. Sau da yawa sanarwar gwamnati hoton takarda ce aka ɗauka aka ɗora, alhali abin da injin bincike ya fi iya karantawa shi ne rubutu na zahiri. Idan ma an fassara bayani, akan ba shi kanun da babu mai nemansa da shi. Uban da yake son yi wa jaririnsa rajista “takardar haihuwa” zai rubuta, ba cikakken sunan hukumar ƙidaya ba. Sai kuma batun baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Wasu tsofaffin salon haruffan kwamfuta sun ɗora su ne a kan alamomin baka, shi ya sa idan aka kwafi irin wannan rubutu zuwa intanet sai “ƙasa” ta koma “}asa”, kalmar da babu mahalukin da zai neme ta. A ɗaya ɓangaren, masu bincike da waya sukan rubuta “kasa” da “dan” ba ƙugiya, kuma ba kowane inji ne yake ɗaukar siffofin biyu a matsayin kalma ɗaya ba.

Watsar da ƙa'idojin rubutu ba shi ne mafita ba, hukuma ce ma ta fi cancanta ta kiyaye su. Abin da ya wajaba shi ne a rubuta da haruffan da kowace na'ura take ganewa, kuma kafin ranar ƙaddamarwa a nemi wasu mutane daga wajen ma'aikata, a ba su waya, a ce su nemo yadda ake sabunta fasfo ko yin rajistar haihuwa, da ƙugiya da kuma ba ƙugiya. Idan shafin bai fito musu ba, sai a ɗage bikin, a koma kan kanun labarai da tsofaffin adireshi.