Jabal Awliya: akwai ruwa, akwai rana, amma gidan man haidirojin sai an jira

Duk lokacin da aka zo maganar makamashi mai tsafta a Afirka, sai a ambaci haidirojin. Namibiya ta gina tashar cika wa motoci wannan iska a Walvis Bay, Muritaniya na da manyan yarjejeniyoyi a kan takarda, ƙauyen Burakebugu na Mali kuma ya fara samun lantarki daga haidirojin da ke fitowa daga ƙasa tun 2012. To, Sudan fa, inda dubban iyalan Hausawa suka zauna a gaɓar Nilu tun zamanin tafiya Makka a ƙasa?

Da za a zaɓi wuri, Jabal Awliya na cikin na gaba. Madatsar da Ingila ta kammala a 1937 a kan Farin Nilu, kimanin kilomita 40 kudu da Hartum, an gina ta ne don tara wa Masar ruwa, sai a 1977 ta dawo hannun Sudan. Daga baya aka saka mata ƙananan injina 80 masu bada kusan megawat 30. Ruwa da lantarki kuwa su ne kayan haɗin: ana raba ruwa da ƙarfin wuta, haidirojin ya fita, a matse shi cikin tanki, mota ta mayar da shi lantarki tana fitar da tururi kawai.

Sai dai lissafin bai da daɗi. Kilo ɗaya na cin wuta sama da kilowat-awa 50. Ko da injinan madatsar duka sun yi aiki dare da rana, abin da ba sa yi domin ruwan na sauka da lokaci, ba za a wuce kilo 14,000 a yini ba. Mota irin Toyota Mirai na shan kilo biyar da ɗoriya. Wato a hana asibitoci da injinan ban ruwa wutar madatsar baki ɗaya don a cika motoci ƙasa da dubu uku. Kuma kusan kashi biyu cikin uku na wutar na zurarewa a hanya kafin ta kai taya, alhali batir na isar da mafi yawanta.

Ga kuma yaƙi. Tun 15 ga Afrilun 2023 sojoji da dakarun RSF ke gwabzawa. RSF ta kama Jabal Awliya a Nuwamban 2023, gadar madatsar ta lalace a watan, kuma ta nan mayaƙanta suka tsallaka yamma a Maris na 2025 da sojoji suka ƙwace Hartum. Matatar Al-Jaili ta ƙone a Janairun 2025, jirage marasa matuƙa sun kai hari madatsar Marawi, sun kuma cinna wa rumbunan mai na Port Sudan wuta a watan Mayu. Wane mai jari ne zai girke tankin iska mai saurin kama wuta a irin wannan fili?

Ko inda ake zaman lafiya abin na tangal-tangal. A Fabrairun 2024 kamfanin Shell ya rufe tashoshinsa na ƙananan motocin haidirojin a Kaliforniya. Ba mota, ba tasha. Ba tasha, ba mai sayen mota. Direbobin Kano sun ɗanɗana irin wannan da gas ɗin CNG bayan cire tallafin mai a 2023, duk da cewa shi ya fi araha nesa ba kusa ba.

Inda haidirojin zai iya yi wa Sudan rana shi ne takin zamani ga gonakin Jazira, wataƙila da manyan motocin hanyar Port Sudan nan gaba. Mai raksha a Umdurman da masuncin Jabal Awliya kuwa, buƙatarsu faranti ne na hasken rana da wurin cajin batir. Kafin yaƙi, wata masana'anta a Hartum Bahri ta riga ta fara haɗa raksha mai lantarki.