Motar Jam'iyya, Bashin Wa?

'Yan'uwa manoma, kaka ta yi, motoci sun fara zirga-zirga a hanyar Gwarzo zuwa Kano, suna bi ta ƙasar Kabo da Rimin Gado da buhunan masara da dawa, wasu har Dawanau. Jam'iyyun gama kai da dama sun yi ƙoƙari sun sayi akori-kura ko babur mai ƙafa uku domin su huta da kuɗin haya. Madalla. Amma akwai magana guda da ba a cika tayar da ita a taro ba, watau in motar ta yi ɓarna, wa zai biya?

Za a ce ai akwai inshora. Gaskiya ne, tun 1945 doka ta tilasta wa mai mota ya yi inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna a hanya, kuma a watan Fabrairu 2025 'yan sanda suka ƙara matsawa a kanta. Sai dai takardar tana da iyaka. Bisa tsarin da hukumar NAICOM ta fara aiki da shi a Janairu 2023, mai motar shiga yana biyan N15,000 a shekara, kamfani kuwa ya biya ɓarnar dukiya har N3,000,000. Motar da ke ɗaukar kayan mai ita, N20,000, iyakarta N5,000,000. Babur, N3,000, iyakarsa N1,000,000.

To, a ce akori-kurarmu ta ƙwace a kusa da Getso ta murƙushe bas ɗin haya, aka ƙiyasta asarar N12,000,000. Kamfani zai ba da biyar ya rufe littafinsa. Sauran bakwai ɗin ba su ɓace ba. Suna kan direba da wanda sunansa ke jikin takardun motar. Direba ba shi da komai sai rigar wuyansa, saboda haka mai ƙara zai nufi mai suna. In kuwa an ji rauni ko an yi asarar rai, abin ya fi haka nauyi. Ga kuɗin asibiti, ga iyalin da aka bari, kuma duk abin da kotu ta yanke wanda kamfani bai ɗauka ba, daga aljihun mai mota zai fito. Masu hawa kan buhuna a motar kaya ma, sau da yawa takardar ba ta san da su ba.

A nan ne muke ganin kuskurenmu. Don gudun wahalar ofis, sai a rubuta motar jam'iyya da sunan shugaba ko ma'aji. Ana ganin girmamawa ce. Ran da tsautsayi ya auku, gonarsa da shanun nomansa da rumbunsa ne a gaban alƙali, waɗanda suka ci ribar motar shekara da shekaru kuwa kowa ya koma gidansa yana cewa Allah ya kyauta. Wannan ba zumunci ba ne.

Mu dai a ganinmu, jam'iyyar da ba ta yi rajista da gwamnati ba kada ta sayi mota tukuna. Wadda ta yi rajista, doka tana ɗaukarta kamar mutum guda mai iya mallakar kaya, sai a sa sunanta a takardun. A sayi inshora daga hannun kamfani ko wakilinsa na gaskiya, ba daga 'yan kamasho na bakin ofishin lasin ba, gama takardar jabu ko kwabo ba ta biya. Ana iya duba lambar mota a waya ta *565*11#. A tambayi kamfanin nawa zai ƙara in ana so a ɗaga iyakar. Kada a ba yaro marar lasin tuƙi, ko da ɗan shugaba ne.

Daga kuɗin kowace tafiya kuma a riƙa ware wani abu a asusu dabam, a rubuta a littafin taro cewa in bashi ya wuce inshora, dukan membobi ne za su ɗauka, kowa gwargwadon hannun jarinsa. A sa hannu tun kafin a ɗora buhun farko.