Majalisar Dokokin Neja Da Batun Wutar Lantarki

Jihar Neja ce ke ɗauke da madatsun ruwa na Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, amma har yau mai walda da mai injin niƙa a Dutsen Kura, cikin Minna, janareta ne ke riƙe da sana'arsu. Kuɗin man da suke ƙonawa kuwa a kan mai saye yake ƙarewa.

A da, Abuja ake ɗora wa laifin duka. To amma tun shekarar 2023, da aka yi wa tsarin mulki gyara, aka kuma kafa sabuwar dokar lantarki ta ƙasa, jihohi sun sami ikon yin dokokinsu kan samar da wuta da rarraba ta. Ke nan wakilai 27 na Majalisar Dokokin Jihar Neja sun shiga lissafin ɗan kasuwa.

Sai dai ƙudurin da wakili zai gabatar yana kira ga kamfanin rarraba wuta ya gyara aikinsa ba doka ba ne. A yi muhawara, a buga a jarida, shi ke nan. Ƙarfin majalisa yana ga kasafin kuɗi, da ikon bincike da sashe na 128 da na 129 suka ba ta: ta gayyaci hukumomin jiha, ta tambayi nawa aka ware wa taransifoma, nawa aka saki, a wace unguwa aka girke.

Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwar Minna su riƙa kai wa kwamitocin majalisa kokensu a rubuce, musamman lokacin da ma'aikatu ke kare kasafinsu.