Hirar Gida: Kafin A Soke Doka, A Tambayi Dalilinta

Hutu ya zo, yara sun dawo gida, bayan tuwon dare za a fito da kayan wasa. To, hirarmu ta wannan wata a kan wasa take.

Ran nan muka tarar da ɗalibanmu huɗu a gindin darbejiya suna wasan Monopoly, wasan nan na sayen filaye da gidaje da kuɗin wasa. Tun da rana suke, har yamma ba a gama ba, an soma cacar baki. Da muka bincika, ashe sun shigo da dokar kansu. Duk tarar da aka biya sai a tara ta a tsakiyar allo, wanda ya sauka a kusurwar ajiye mota kyauta ya kwashe. Sun kuma yar da dokar gwanjo. A dokar asali kuwa, tara banki take komawa, filin da wani ya ƙi saya kuma nan take ake gwanjonsa. Waɗannan dokoki biyu su ke sa filaye su ƙare da wuri, kuɗi ya ragu a hannu, wasa ya kai ƙarshe. Yaran sun cire su don tausayin juna, sai wasa ya ƙi ƙarewa.

Wannan ba sabon abu ba ne a tarihin wasan. Wata mace ce a Amurka, Elizabeth Magie, ta ƙago tushensa, aka ba ta takardar mallakarsa a 1904. Nufinta shi ne ta nuna wa mutane yadda masu tara filaye suke arziki da guminsu 'yan haya. Ta yi wa wasan dokoki iri biyu: a ɗaya kowa yana amfana idan dukiya ta ƙaru, a ɗayan kuwa mutum guda ne yake talauta sauran. Mutane suka riƙa zana allon da hannu, kowa yana gyara shi yadda ya so. Mazauna birnin Atlantic City suka sa sunayen titunansu. A 1935 wani mutum, Charles Darrow, ya sayar da irin wannan allo ga kamfanin Parker Brothers, ita kuwa Magie dala 500 aka ba ta. Dokar rabawa ta ɓace, ta haɗama ta rage. Wasan da aka yi don gargaɗi ya zama na murnar kwashe kome.

Shin laifi ne 'yan wasa su gyara wasa? Ko kaɗan. Ba don gyaransu ba, da wasan bai yaɗu haka ba. A 2012 aka fito da na birnin Legas, da unguwannin da muka sani, bai kuwa rage kome ba. A 2014 kamfanin Hasbro, mai wasan, ya bar jama'a suka zaɓi dokokin gida ta Facebook, ya buga su a matsayin zaɓi, bai share na asali ba. Mai ƙago wasa da ya toshe kunne, shi kaɗai zai yi wasansa. Wanda kuma ya ba kowa abin da ya roƙa, zai waiga ya ga babu wasan.

Ashe gyara iri biyu ne. Akwai sāke riga, akwai cire ƙashin baya. Sunayen tituna riga ne. Gwanjo ƙashin baya ne.

Saboda haka ga shawararmu. Ku fara yin wasa bisa dokarsa sau biyu ko uku, don ku gane amfanin kowace doka. In za a sāke wani abu, a yarda tun kafin a jefa ɗan lido na fari, ba sai wani ya ga zai fāɗi ba. A sāke abu ɗaya, a ga abin da ya haifar. Manzo Bulus ma ya tuna wa Timoti cewa rawanin ɗan wasa yana tare da bin ƙa'ida (2 Timoti 2:5).

Haka yake ga dokokin gidajenmu. Yaro ya tambayi dalili kafin ya yi gunaguni, uba kuma ya kasance da amsa, ya yarda a gyara abin da riga ne kawai.

Ɗalibanmu sun mai da gwanjo, suka sa wa titunan sunayen unguwanninsu. Sun gama kafin ƙararrawar addu'a. Allah ya ba mu hutu lafiya. Sai wata mai zuwa.