Mutum-mutumin Kwatarkwashi da Darasin Ƙasar Sin

A shekarar 1974 waɗansu manoma suna haƙa rijiya kusa da birnin Xi'an na ƙasar Sin, sai suka tono gutsattsarin mutum-mutumi na yumɓu. Ashe rundunar sojoji ce ta gasasshen yumɓu, wajen 8,000, da aka binne kusa da kabarin sarkin da ya fara haɗa kan ƙasar, wanda ya rasu shekara 210 kafin haihuwar Annabi Isa. Akasarinsu a farfashe aka same su. Masana sukan rubuta inda kowane tsingaro ya fito, su ba shi lamba, sa'an nan su liƙa shi da 'yan'uwansa har soja ya miƙe tsaye. A 1979 aka buɗe wurin ga masu ziyara.

To, ƙasar Zamfara ma tana da irin wannan dukiya. A yankin dutsen Kwatarkwashi, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, an tono mutum-mutumi na yumɓu masu tsohon tarihi, dangin waɗanda aka sani a Nok. Sai dai a shekarun 1990 masu haƙar sata ne suka riga masana isa, dillalai suka kwashe kayan zuwa Turai. A shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa ire-irensu cikin jerin kayan Afirka da sata ta fi yi wa barazana.

Asarar ta wuce ta kuɗi. Duk abin da aka fizge daga ramin da ya kwana a ciki ya zama bebe, domin ƙasa da gawayin da ke kewaye da shi ne ke nuna shekarunsa da rayuwar masu shi.

Wani zai ce gumaka ne, me ya haɗa Musulmi da su? Adanawa daban, bauta daban. Wanda ya ajiye su domin nazari shaida ya ajiye, cewa an yi mutane masu fasaha a nan tun da daɗewa.

Saboda haka ya kamata Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, da sarakuna su haɗa kai, a horar da matasa aikin tono da gyara. Manomin Karakkai ko na Tsafe da garmarsa ta ci karo da kan yumɓu ya san inda zai kai rahoto, a kuma yi masa tukwici. In ba haka ba, jikokinsa sai sun nemi biza kafin su ga aikin hannun mutanen ƙasarsu na dā.