Baƙin Salatif a Kan Fitilar Taya

A cikin motocin da ke kai-kawo tsakanin Dutsin-Ma da Katsina ta hanyar Kurfi, ba wuya a ga wadda wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ke ci a gaban direbanta dare da rana. Siffarta kamar tukunya ce da alamar motsin rai a cikinta. Wasu sun saba da ita har sun daina ganinta, wasu kuma sun manna mata baƙin salatif sun huta. Idan aka bi diddigi, sau da yawa ranar da ta fara ci ita ce ranar da aka canja wili ko aka sa sababbin tayoyi.

Ba don ado aka sa ta ba. A ƙarshen shekarun 1990 tayoyin Firestone da ke jikin motocin Ford Explorer sun riƙa ɓarewa ana cikin gudu a Amurka, motoci na kifewa, mutane na mutuwa, kuma ƙarancin iska yana cikin abubuwan da aka zarga. A shekarar 2000 majalisar ƙasar ta yi dokar TREAD, daga Satumban 2007 kuma ya zama dole kowace sabuwar ƙaramar mota ta zo da na'urar da za ta yi gargaɗi idan iskar taya ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Tarayyar Turai ta wajabta wa dukkan sababbin motoci irinta a Nuwamban 2014. Shi ya sa Corolla da Camry 'yan Kwatano, irin waɗanda malaman Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ke saya, suke zuwa da ita.

Na'urar iri biyu ce. Wata tana lura da saurin juyawar ƙafafu ta hanyar na'urar birki ta ABS, domin tayar da iskarta ta ragu takan ɗan ƙanƙance ta riƙa juyawa da sauri. Wannan ba ta da rigima: an canja taya, a daidaita iska, a sake saita ta, shi ke nan. Ɗayar ce mai matsala, kuma ita ta fi yawa a motocin da suka fito daga Amurka. Kowane wili yana ɗauke da ƙaramar sansa a gindin bawul, daga ciki, mai batirinta da lambarta, tana aika wa motar saƙo ta rediyo. Mai facin da zai ɓamɓare taya da ƙarfe da guduma, idan ya fara daga gefen bawul, ya fasa ta bai sani ba. Wanda ya sayi sababbin wili masu ƙyalli ya bar tsofaffin, ya bar sansoshinsa a can. Ko da an sayo wasu, motar ba ta san su ba sai an shigar mata da lambobinsu, a Toyota yawanci da kwamfuta ta soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. Sannan galibin motocin Amurka na wancan zamani suna aiki da zangon 315, na Turai kuma 433, don haka sansar da aka cire daga motar Beljiyam ba lallai ta yi magana da ta Amurka ba.

Ɗora wa mai faci laifi abu ne mai sauƙi, amma ba adalci ba ne. Sana'arsa ta ginu a kan tif da Peugeot 504, ba wanda ya zaunar da shi ya nuna masa abin da ke bayan bawul. Mai motar ne ya yi karatu, shi ne kuma zai ɗauki iyalinsa a ciki. Cewa "Malam, akwai sansa a gindin bawul, a fara daga ɗaya gefen" ba ta cin ko sisi.

Masu salatif suna da hujja: sansa huɗu da kuɗin kwamfuta ba ƙaramin abu ba ne, batirinta ma yakan mutu bayan shekara biyar zuwa goma, geji kuwa arha ne. Gaskiya ne, sai dai geji da safe yake aiki. Ƙusar da ta shiga taya bayan an bar Dutsin-Ma ba ta jiran gobe. Tayar da ke zubar da iska a hankali tana lanƙwashewa, tana ɗaukar zafi, a kan kwaltar watan Afrilu kuwa ƙarshenta fashewa. Duk wanda ya san abin da 'yan bindiga suka yi a ƙananan hukumomin Kurfi, Safana da Dutsin-Ma a 'yan shekarun nan ya san bambancin tsayawa wurin mai faci a cikin garin Kurfi da durƙusawa da jak a bakin daji bayan magariba. 'Yan mintocin da fitilar ke bayarwa su ne wannan bambancin.

Fitilar kuma harshe biyu gare ta. Idan ta kama ta tsaya, iska ce ta ragu. Idan ta yi ta ƙiftawa kamar minti ɗaya bayan an tayar da mota sannan ta tsaya, na'urar ce da kanta ta samu matsala. A safiyar hunturu takan kama ba tare da huji ba, domin sanyi yana rage iska, wajen maki ɗaya a geji ga kowane digiri 5 ko 6. Wannan ba dalili ba ne na cika taya har 45 ko 50 kamar yadda aka saba. Lambar da ke jikin taya iyaka ce. Wadda ta dace tana manne a jikin ƙofar direba, kuma a yawancin motoci fitilar ba ta cewa komai idan iska ta yi yawa.

Wanda aljihunsa bai kai ga sansa ba tukuna, ya ajiye geji a mota, ya auna tayoyin tun ba su ɗau zafi ba kafin kowace tafiya Katsina, har da sifiya da ke but.