Kufan Satiru Da Darasin Kambodiya

Kamar mil 14 kudu da birnin Sakkwato akwai wani kufai da ake kira Satiru. Ran 14 ga Fabrairu, 1906, talakawan garin, riƙe da gatura da fartanya, suka fatattaki rundunar Turawan mulki, suka kashe Razdan Hillary da waɗansu Turawa biyu. Ran 10 ga Maris sojojin Gwamna Lugga suka dawo ramuwa da bindiga mai jigida. Aka kashe wajen mutum 2,000, aka kwashe mata da yara, aka rushe garin. Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu kuma ya la'anci duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. Tun daga nan zancen mamatan Satiru ya koma sai a littattafan masana.

To, ga yadda wata ƙasa ta yi da nata mamatan. A Kambodiya, can kudu maso gabashin Asiya, gwamnatin Khmer Rouge ta Pol Pot ta halaka mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi tsakanin 1975 da 1979, cikinsu har da Musulmi 'yan ƙabilar Cham. Yanzu kowace shekara ran 20 ga Mayu jama'a kan taru a Choeung Ek, filin da aka riƙa kashe fursunoni, a yi addu'a, ɗalibai su kwaikwayi abin da ya auku. Vann Nath, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da suka fita kurkukun Tuol Sleng da rai, ya zana azabar da ya gani, aka rataye zanen a kurkukun, wanda ya zama gidan tarihi. Rithy Panh kuwa, da ya rasa hotunan zamanin, sai ya sa aka ƙera mutum-mutumin yumɓu ya shirya fim da su a 2013.

Ƙasar Hausa ba ta rasa mawaƙa da marubuta da 'yan wasan kwaikwayo ba. Ya kamata hukuma da sarakuna da malaman jami'a su keɓe ranar 10 ga Maris, a taru a kufan nan a yi wa mamata addu'a, a tattara abin da jikoki suka ji daga bakin kakanni tun suna raye, a sa shi cikin waƙa da wasa, har yaron makaranta a Udubo ko Azare ya san Satiru. Waiwaye dai adon tafiya ne.